TARIHIN WILLIAM MORGAN, MUTUMIN DA YA ƘAGO ƘWALLON RAGA

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta barikin soja ko na 'yan sanda da la'asar sakaliya, ko kuwa ya leƙa filin wata makarantar sakandare, ko a nan Ikko ne, ko Badun, ko Fatakwal, ko can gida, da wuya a ce bai taɓa ganin samari sun ɗaura raga tsakanin sanduna biyu, shida nan shida can, suna ta dukan ƙwallo da hannu ba. Wannan shi ne wasan ƙwallon raga. A ƙasar Amurka, inda aka haifi wasan, kowace shekara jami'o'i kan kara da juna a gasar maza ta ƙasa baki ɗaya don a fid da zakara. A cikin watan Mayu na 1970 ko kusa da shi ba mu nufi ba, a'a, ta watan Mayu na 2025 muke nufi, inda Jami'ar Long Beach ta lallasa Jami'ar UCLA a wasan ƙarshe. Masu buga wannan gasa zaratan samari ne dogaye, waɗanda in ɗayansu ya yi tsalle ya ɗirka wa ƙwallo mari, sai ka ji kamar an harba bindiga.

To, abin mamaki shi ne, mutumin da ya ƙago wasan nan ba don irin waɗannan samari ya yi shi ba. Don magidanta masu tumbi ya yi shi, waɗanda ba su iya gudu. Sunansa William George Morgan, kuma tarihinsa ne za mu kawo muku yau.

An haifi Morgan ran 23 ga watan Janairu na 1870 a wani gari da ake kira Lockport, a yammacin Jihar Niyok, ba nisa da mashahurin gangaren ruwan nan na Niagara. Garin yana bakin wata babbar hanyar ruwa ce wadda mutane suka haƙa da hannu, ana ce da ita Erie, aka buɗe ta a 1825, tsawonta mil 363. A daidai Lockport ƙasa ta yi tudu, saboda haka aka gina waɗansu ƙofofin ruwa hawa biyar, waɗanda ake rufewa a tara ruwa, jirgi ya ɗaga sama mataki-mataki har ya haye. Daga waɗannan ƙofofi garin ya samo sunansa. Mahaifin Morgan, wato George Morgan, sana'arsa ke nan ƙera jiragen ruwa a bakin wannan hanya, kuma a nan yaron ya tashi yana taya ubansa aiki, tsakanin katako da guduma da kwalta. Aikin ƙarfi ne, ya kuwa gina masa jiki, ya fito ƙaƙƙarfan saurayi.

Da ya girma sai ya bar gida ya tafi wata makaranta a Jihar Massachusetts mai suna Mount Hermon. Wani mai wa'azin Kirista, Dwight Moody, shi ya kafa ta a 1881 domin 'ya'yan marasa ƙarfi, kuma dokarta ce kowane ɗalibi sai ya yi aikin hannu, a gona ko a kicin, ban da karatu. A can Morgan ya shiga wasan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, wadda ake ture-ture da kokawa a cikinta, ya kuwa yi fice. Wajen 1892 wani malami ya gan shi yana wasa, ya yaba da ƙarfinsa, ya ba shi shawara ya zo makarantarsu da ke Springfield. Wannan malami shi ne James Naismith, mutumin Kanada.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan makarantar nan ta Springfield, don in ba a san ta ba, ba za a gane sauran labarin ba. Ƙungiyar Samari Kirista ce, wadda aka fi sani da YMCA, take da ita, kuma aikinta horad da malaman motsa jiki waɗanda za a rarraba su a rassan ƙungiyar na garuruwa dabam-dabam, har da na ƙasashen waje. A wancan yanki na Amurka hunturu yana da tsanani ƙwarai, ƙanƙara kan rufe filaye wata da watanni, ba dama a yi wasa a waje. Shugaban sashen motsa jiki, Dokta Luther Gulick, ya matsa wa malamansa su nemo wasan da za a iya yi cikin ɗaki. A kan haka ne Naismith, a watan Disamba na 1891, ya kafa kwanduna biyu ya ƙago ƙwallon kwando. Ashe ke nan lokacin da Morgan ya iso makarantar, sabon wasan yana ɗanye shar, kowa na ɗokinsa, kuma wanda ya ƙago shi ne ya jawo Morgan ɗin da hannunsa.

Morgan ya gama karatu a 1894. Aka fara tura shi garin Auburn a Jihar Maine, ya yi kamar shekara guda, sa'an nan a 1895 ya koma reshen ƙungiyar da ke Holyoke a matsayin shugaban motsa jiki. Tsakanin Holyoke da Springfield bai fi mil goma ba. Holyoke gari ne na masana'antu, musamman na takarda, har ana yi masa kirari da birnin takarda, kuma cike yake da baƙi 'yan neman abinci, daga Ailan da Kanada da Folan da sauransu. Masu karatun wannan fili ba sai an yi musu bayanin irin wannan gari ba.

A nan ne Morgan ya ci karo da matsalar da ta sa ake tunawa da shi har yau. Cikin masu zuwa ɗakin motsa jikinsa akwai aji guda na manyan mutane: 'yan kasuwa, da ma'aikatan ofis, da shugabannin gari, mutanen da suka wuni a zaune kan kujera, shekaru kuma sun fara ja. Ya gwada musu ƙwallon kwando, abin bai yi ba. Samari suna sonsa, amma gudu ya yi yawa, ga karo, ga bangaza, magidanci ya tashi da ciwon gwiwa ko haƙarƙari, gobe ba za a gan shi ba. In kuwa aka ce a tsaya ana ɗaga hannu ana saukewa kamar 'yan firamare, gundura za ta kore su. Malamin da ajinsa ya watse kuwa, aikinsa na cikin haɗari. Morgan yana da shekara 25 kacal a lokacin, ga iyali ya fara tarawa.

Dabarar da ta zo masa mai sauƙi ce, amma ita ce gishirin wasan. Tunda karo ne ke korar mutane, to a raba su, a sa shinge a tsakani yadda ba wanda zai taɓa wani. Sai ya ɗauko ragar wasan tanis, maimakon a bar ta ƙasa, ya ɗaga ta sama har ƙafa 6 da inci 6, wato ta ɗan zarce kan matsakaicin mutum. Ya bar sandunan buga tanis ɗin, ya ce da tafin hannu za a buga. Ya ɗebo wani abu daga ƙwallon hannu, ya ɗebo tsarin zagaye tara daga wasan besbol na Amurkawa, ya haɗa.

Sai maganar ƙwallo, wadda ta ba shi wahala fiye da kome. Da farko ya zare robar da ke cikin ƙwallon kwando aka gwada da ita, sai ta yi rashin nauyi, tana ta lilo a iska kamar balan-balan. Aka gwada ƙwallon kwandon kanta, sai ta yi nauyi, tana neman karya wa dattawa yatsu. Daga nan ya tafi wurin kamfanin Spalding, masu yin kayan wasanni, waɗanda ke da masana'anta a Chicopee, kusa da su, ya roƙe su su ɗinka masa wata ta musamman. Suka yi masa ta fata mai roba a ciki, kewayenta inci 25 zuwa 27, nauyinta oza 9 zuwa 12. Wanda ya auna ƙwallon da ake bugawa yau zai ga ba ta yi nisa da wannan awo ba. Cikin dukan abin da Morgan ya tsara, ƙwallon ce kusan ba a taɓa ba.

Mutum biyu daga cikin abokansa, Dokta Frank Wood da John Lynch, suka taya shi tsara dokoki. Filin ƙafa 25 ne a faɗi, 50 a tsawo. Ba a ƙayyade yawan 'yan wasa ba, ko mutum nawa suka zo sai a raba su biyu. Ba a kuma ƙayyade sau nawa za a taɓa ƙwallo kafin a tura ta ƙetare ba, kuna iya yi ta miƙa wa juna har ku gaji. Wanda ya buga ta farko bai haye ba, ana ba shi dama ta biyu, har ma abokinsa na iya taimaka mata ta ƙarasa hayewa. Kowace doka ka duba sai ka ga sassauci ne a cikinta, an yi ta ne don kada kowa ya ji kunya, kada kuma kowa ya ji ciwo. Ya sa wa wasan suna Mintonet, don ya yi kama da badminton.

Labari ya kai kunnen Dokta Gulick a Springfield. A 1896 aka shirya taron shugabannin motsa jiki na ƙungiyar a makarantar, sai ya gayyaci tsohon ɗalibinsa ya zo ya nuna abin da ya ƙago. Morgan ya zo da ƙungiya biyu, mutum biyar-biyar. Kyaftin na ɗaya shi ne J. J. Curran, magajin garin Holyoke, na ɗayan kuma John Lynch, shugaban 'yan kwana-kwana na garin. Mai karatu ya dubi wannan da kyau: wasan da aka fara nuna wa duniya, magajin gari ne da shugaban masu kashe gobara suka ja ragamarsa, ba waɗansu 'yan wasa ba.

Cikin 'yan kallo akwai wani malami, Alfred Halstead, wanda ya lura cewa abin da mutanen ke yi shi ne bugun ƙwallo tun tana sama, ba a bari ta taɓa ƙasa. Ya ba da shawara a sauya sunan ya dace da haka, shi ne sunan Turancin nan da muke ji yara na cewa bolibol. Morgan bai yi gardama ba, ya karɓa nan take. Ya kuma miƙa wa taron dokokin da ya rubuta da hannunsa, aka naɗa kwamiti ya duba su. Aka buga bayanin wasan a wata mujallar motsa jiki a watan Yuli na 1896, a 1897 kuma dokokin suka shiga littafin wasanni na ƙungiyar. Tun daga ranar nan, a iya cewa, wasan ya fita daga hannunsa. Sunan ma da ya raɗa masa bai yi shekara biyu a duniya ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba mu mamaki a rayuwar wannan bawan Allah. 'Yan shekaru kaɗan bayan taron nan sai ya ajiye aikin koyar da motsa jiki ɗungum, ya shiga aikin kamfani. Ya yi aiki da General Electric, ya yi da Westinghouse, dukansu kamfanonin kayan lantarki. Daga bisani ya tattara ya koma garinsu Lockport, ya kama aiki a masana'antar Harrison, inda ake ƙera lagireton mota, a nan ya zauna har ya yi ritaya. Mutumin da ya ba duniya wasa, sai ga shi yana sammakon zuwa aiki kamar kowane ma'aikaci, yana jiran albashi. A ganinmu ba abin zargi ba ne. Mai iyali ne, kuma wasan da aka yi kyauta da dokokinsa ba ya cika tukunya.

Shi kuwa wasan sai ya kama hanyarsa, kamar ɗan da ya fi ƙarfin gidan ubansa. Malaman da Springfield ke yayewa su suka ɗauke shi a jakunkunansu. Ya shiga Kanada a 1900. Wani ɗan Jafan da ya yi karatu a makarantar, Hyozo Omori, ya kai shi Tokyo a 1908. Elwood Brown ya kai shi tsibiran Filifin a 1910, har aka sa shi cikin wasannin Gabas Mai Nisa da aka yi a Manila a 1913. A Filifin ɗin ne kuwa aka juya wasan, juyin da bai sake komawa yadda yake ba. Wajen 1916 'yan wasan can suka gano cewa in ɗaya ya ɗaga ƙwallo sama dab da raga, wani na iya tasowa da gudu ya yi tsalle ya maka ta ƙasa da ƙarfin tsiya. Suka sa wa wannan bugu suna bomba. Daga nan wasan lallaɓawa ya zama wasan farmaki. Dokoki suka bi sawu: aka yi ta ɗaga raga, aka tsayad da mutum shida a kowane gefe, a 1920 kuma aka ce taɓawa uku kaɗai aka yarda kafin ƙwallo ta haye. A yau ragar maza mita 2.43 ce, wato kusan ƙafa takwas, magajin garin Holyoke da ya dawo da sai dai ya ɗaga kai ya yi kallo.

Yaƙin Duniya na Farko ma ya taimaka. A 1919 rundunar Amurka ta rarraba wa sojojinta da na abokan ƙawancenta ƙwallo wajen 16,000 a Turai, wasan ya kama ƙasa a can, musamman a gabashin nahiyar. Wasa ne da ba ya bukatar kome sai igiya da ƙwallo da ɗan fili, shi ya sa tun fil azal ya zama na bariki. A gida Amurka kuwa, an yi gasar ƙasa ta farko ta rassan YMCA a Brooklyn a 1922, ƙungiyoyi 27 daga jihohi 11, aka kuma kafa hukumar wasan ta ƙasa a 1928.

Duk wannan Morgan yana raye. A 1938 tsofaffin ɗaliban Springfield suka gayyace shi liyafarsu, aka karrama shi a matsayin wanda ya ƙago wasan, shekara 43 ke nan bayan aikin. Ya rasu ran 27 ga watan Disamba na 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, saura wata guda ya cika shekara 73. Aka binne shi a maƙabartar Glenwood da ke garinsu.

In aka gwada shi da malaminsa Naismith, sai a ga rabo ya bambanta. Naismith ya zauna cikin harkar jami'a har ƙarshen ransa, ya je Jamus a 1936 ya ga ƙwallon kwando a wasannin Olamfik da idonsa, har shi ya miƙa lambobin yabo, kuma yana da rai aka fara gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka a 1939. Morgan bai ga ko ɗaya daga cikin irin waɗannan ba. Shekara biyar bayan rasuwarsa, a 1947, aka kafa hukumar ƙwallon raga ta duniya a Faris, ƙasashe 14 suka kafa ta, har da Masar daga nahiyarmu. A 1949 aka yi gasar duniya ta maza ta farko a Prague, Tarayyar Sobiyet ta ci. Sai a 1964 wasan ya shiga Olamfik a Tokyo, inda Sobiyet ta ci na maza, Jafan ta ci na mata. Amurkawa, masu abin, sun daɗe suna ɗaukarsa wasan shaƙatawa ne na bakin teku da ranar hutu, har baƙi suka fi su iyawa.

Wannan raini ne ya sa gasar jami'o'in da muka buɗe da ita ta makara. Hukumar wasannin jami'o'i ta Amurka, NCAA, ta sa hannu a gyaran dokokin wasan tun 1916, amma ba ta shirya gasar maza ta ƙasa ba sai a 1970, shekara 75 bayan Morgan ya ɗaga ragarsa. Jami'o'i huɗu kaɗai suka shiga, aka yi a Los Angeles, UCLA ta doke Long Beach a wasan ƙarshe, wato su dai biyun nan da suka sake haɗuwa a 2025. Mai horad da UCLA a lokacin, Al Scates, ya zauna a kujerar har 2012, ya ci kofin sau 19, ya zuwa 2024 kuma jami'ar ta tara 21. Daga hannunsa Karch Kiraly ya fito, wanda yana cikin waɗanda suka ciwo wa Amurka zinariya a Olamfik na 1984 da 1988. Shekara 24 cur kofin bai bar Jihar Kalifoniya ba, sai a 1994 Jami'ar Penn State ta ƙwace shi. Wasan da aka haifa cikin ɗaki saboda ƙanƙarar gabas, sai ga shi ya yi gida a yamma, ƙasar rana da rairayi. Gasar mata kuma, wadda aka fara a 1981, ta fi ta maza girma nesa ba kusa ba, jami'o'i 64 ke shiga.

Mutanen Holyoke dai ba su manta ba. Sun sa wa wata makarantar firamare sunansa, suka kuma kafa gidan tarihi na gwarzayen ƙwallon raga na duniya a garin, sunan Morgan ne na farko da aka rubuta a ciki a 1985. A 1995, da wasan ya cika shekara 100, aka ƙirƙiro wani kofi da sunansa domin ɗalibi da ɗalibar da suka fi kowa iya wasan a jami'o'in ƙasar. Ita kuwa tsohuwar makarantarsa, wadda yanzu ake kira Kwalejin Springfield, ƙarama ce, ba ta karawa da manyan jami'o'i irin su UCLA. Amma da NCAA ta buɗe gasar maza ta ƙananan kwalejoji a 2012, Springfield ce ta ci kofin farko, ta sake ci a 2013 da 2014, sa'an nan a 2017 da 2018.